Fim ɗin Gaskiya a kan Badaƙala: Tambayoyi da Amsoshi game da Haƙƙin Mutanen da Labarin Ya Shafa

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan tasowa tsakanin masu shirya fina-finan gaskiya, wato dokumentari, idan aikinsu ya biyo ta kan abin fallasa irin su cin hanci, lalata da ɗalibai ko ma'aikata, cin zarafin yara, zambar kuɗi da kisan da aka kasa warwarewa. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa duk inda aka ambaci doka aka faɗi ƙasar da take aiki, kuma babu amsar da za ta tsaya a madadin shawarar lauya.

Me ya bambanta fim a kan badaƙala da sauran fina-finan gaskiya?

Bambancin yana ga abin da mutanen cikin fim ɗin za su iya rasawa. Wanda aka zalunta yana iya rasa sirrinsa, aurensa, aikinsa ko ma ransa. Wanda ake zargi yana iya rasa mutuncinsa ko da kotu ba ta taɓa kama shi da laifi ba. Mai kallo kuma yana ɗaukar abin da ya gani a matsayin gaskiya saboda an ce masa ba wasan kwaikwayo ba ne. Darakta shi ne ke riƙe da ikon zaɓen abin da zai shiga da abin da za a zubar, kuma idan aiki ya ƙare zai wuce zuwa wani fim, alhali waɗanda ya ɗauka za su ci gaba da zama da abin da ya fitar shekara da shekaru.

A 2009 wata cibiya ta Jami'ar American da ke Washington ta fitar da rahoto mai suna Honest Truths bayan tattaunawa da masu shirya fina-finan gaskiya 45. Ta gano cewa kusan dukansu suna jin nauyin mutanen da suka ɗauka da na masu kallo, suna kuma ganin mai rauni ya fi mai ƙarfi buƙatar kariya, amma ba su da ƙa'idar da sana'ar ta haɗu a kanta, kowa yana yanke hukunci shi kaɗai a ƙarƙashin matsin lokaci da kuɗi.

Ta yaya zan san cewa labarin ya cancanci a tona shi?

Akwai tazara tsakanin abin da jama'a ke da maslaha a saninsa da abin da suke marmarin ji kawai. Maslaha tana samuwa idan tonawar za ta hana cutar da wasu, ko ta nuna yadda aka ci amanar muƙami ko dukiyar jama'a, ko ta bayyana yadda wata hukuma ta rufe laifi, ko ta wanke wanda aka ɗaure bisa zalunci. Shaharar mutum ita kaɗai ba ta mayar da sirrinsa kayan kowa ba.

A 2014 'yan sandan Ingila sun binciki gidan mawaƙi Cliff Richard bisa wani zargi, BBC kuma ta ɗauki binciken daga jirgi mai saukar ungulu ta watsa wa duniya. Ba a kama shi ba, ba a kuma tuhume shi ba, sannan a 2018 kotu ta yanke cewa an keta sirrinsa, ta ba shi diyyar fam 210,000. Wannan ma'auni yana aiki a kan kowane ɓangare na fim daban: ana iya samun maslaha a bayyana cewa shugaban ma'aikata ya karkatar da kuɗi, amma a rasa ta wajen nuna fuskokin 'ya'yansa ko ƙofar gidansa.

Idan mutum ya sa hannu a takardar amincewa, shi ke nan na fita haƙƙinsa?

Takardar tana kare kamfani a gaban kotu, amma ba ta tabbatar da cewa mutumin ya fahimci abin da ya shiga ba. Amincewa ta gaskiya tana buƙatar a gaya masa, da harshen da yake ji sosai, abin da fim ɗin ke magana a kai, su wa kuma za su fito a ciki, wa ke biyan kuɗin aikin, a ina za a nuna shi, da kuma cewa za a iya yanke guntun maganarsa a yaɗa a wayoyin mutanen da ya sani. Da yawa daga waɗanda ake hira da su suna zaton fim ɗin da aka shirya don wata ƙasa can zai tsaya, ba su san cewa magana zarar bunu ce ba, kuma intanet ba ta da iyaka.

Matsalar ta fi tsanani idan mutum yana hannun wasu ko yana cikin firgici. A 2021 jaridar New York Times ta ruwaito cewa wasu matan Yazidi (wata al'umma ce 'yar tsiraru a Iraƙi) da suka fito a fim ɗin Sabaya, wanda ya nuna yadda ake kuɓutar da su daga sansanin al-Hol a Siriya, sun ce ba su fahimci abin da za a yi da hotunansu ba, wasu ma sun ce sun ƙi. Daraktan ya musanta, ya ce ya samu izininsu. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, tambayar tana nan: macen da aka kuɓutar jiya, wadda ke zaune a gidan waɗanda suka kuɓutar da ita, tana da sararin cewa a'a? A ganina amincewar da aka karɓa a irin wannan hali sai an sake neman ta bayan hankalin mutum ya kwanta, ta bakin tafintan da ba ya cikin masu shirya fim ɗin.

Ga yara, izinin iyaye ko mai kula da su wajibi ne amma bai isa ba, musamman idan na gida ne ake zargi. Ga masu taɓin hankali, tarihin Titicut Follies na Frederick Wiseman ya nuna wuyar lamarin: an ɗauke shi a 1966 a wani asibitin fursunoni masu taɓin hankali a jihar Massachusetts, kotu ta hana nuna shi ga jama'a da hujjar kare sirrin marasa lafiyar har zuwa 1991, alhali hanin ya kuma rufa wa hukumar asiri kan wulaƙancin da ake yi musu.

Mutum ya amince, mun yi hira, yanzu ya ce a cire shi. Dole ne in cire?

A doka, yawanci takardar da ya sa wa hannu tana ba kamfani damar ci gaba. A ɗabi'ar aiki, ya danganta da ko wane ne. Idan wanda aka zalunta ne kuma fitowarsa za ta jawo masa haɗari, a cire shi ko a sakaya shi, ko da fim ɗin zai rage armashi. Idan kuwa mai muƙami ne da ya yi magana da sanin kyamara na ɗauka, daga baya ya ga maganar ba ta yi masa daɗi ba, babu dalilin janyewa. Abin da ke rage wannan rigima shi ne a faɗa wa mai rauni tun farko ranar ƙarshe da zai iya sauya ra'ayi, domin bayan an miƙa fim ga tashar talabijin ko kamfanin da ke nuna fina-finai ta intanet, darakta da kansa ba ya iya dawo da shi.

Yaya ake hira da wanda aka ci zarafinsa ba tare da an fama masa ciwo ba?

Abin da cin zarafi ke ƙwacewa daga mutum shi ne iko a kan jikinsa da al'amarinsa, don haka hirar ta mayar masa da wani abu daga wannan iko. Shi zai zaɓi wuri da lokaci, ya san tun kafin a kunna kyamara irin tambayoyin da za a yi, ya zo da wanda ya amince da shi idan yana so, ya kuma san cewa yana iya tsayar da hira ko ya tsallake tambaya ba tare da ya ba da dalili ba. A rage yawan ma'aikata a ɗakin, kada a sa shi maimaita labari mai zafi don kawai haske bai yi kyau ba a karo na farko, kuma a guji tambayoyi irin su "me ya sa ba ki gudu ba?" waɗanda ke ɗora laifi a kan wadda aka cuta. Cibiyar Dart, wadda ta daɗe tana horar da 'yan jarida kan hira da waɗanda suka shiga tashin hankali, ta yi ta jaddada irin waɗannan matakai.

Wani abin lura shi ne mutumin da ya shiga firgici sau da yawa ba ya tuna abubuwa a jere, yana iya ruɗa rana ko wuri alhali ainihin abin ya faru. Wannan ba hujjar ƙarya ba ce, amma kuma ba ya sauke wa mai shiri nauyin tantancewa, kamar yadda aka yi bayani a amsar tambaya kan gaskata mai ƙorafi.

Dusashe fuska da sauya murya sun isa ɓoye mutum?

Sau da yawa ba su isa ba, domin waɗanda ake gudun su gane shi su ne waɗanda suka fi kowa saninsa. Ana gane mutum ta zobensa, tabon hannunsa, tafiyarsa, labulen ɗakinsa, abin da ke hangowa ta taga, ko wata kalma da ya saba faɗa. Muryar da aka sauya ta hanyar ɗaga ta ko saukar da ita kawai ana iya mayar da ita kusa da yadda take, shi ya sa ya fi aminci a sa wani ya karanta maganar. Haka nan bayanai ƙanana da kowannensu ba ya nuna kowa, kamar shekaru, sana'a da yawan 'ya'ya, idan suka haɗu da abin da wata jarida ta riga ta buga sai su fitar da mutum ɗaya tak. A Ingila dokar 1992 ta ba wanda ya yi ƙorafin fyaɗe ko makamancinsa kariyar sakaya suna har ƙarshen rayuwarsa, kuma buga bayanin da zai sa a gane shi laifi ne ko da ba a ambaci sunan ba.

A fim ɗin Welcome to Chechnya na 2020 an bi wata hanya dabam: an yi amfani da kwamfuta an ɗora fuskokin 'yan sa-kai a kan fuskokin mutanen da ke gudun tsanantawa, ta yadda mai kallo ke ganin motsin fuska ba tare da ganin mai ita ba, kuma an sanar da masu kallo cewa an yi hakan. Duk da haka, kariya ba ta tsaya ga abin da ke fitowa a allo ba. Hotunan asali da ba a taɓa ba suna nan a ma'ajiya, kuma ana iya sace su ko kotu ta nemi a miƙa su, batun da aka tattauna a amsar tambaya kan kotu da 'yan sanda.

Idan na tsaya tantance labarin mai ƙorafi, ba na nuna ban gaskata shi ba ke nan?

Tantancewa kariya ce gare shi kafin kowa, domin kuskure ɗaya a fim ya isa lauyoyin wanda ake zargi su rushe sauran gaskiyar da ke ciki. A nemi takardu, saƙonnin waya, bayanan asibiti, mutanen da ya gaya wa a lokacin da abin ya faru, da wasu masu ƙorafi da ba su san juna ba. A gaya masa tun farko cewa za a yi wannan, kuma za a kai zargin ga wanda yake zargi, don kada ya ji an yaudare shi daga baya.

Misalin da ya kamata kowane mai wannan sana'a ya sani ya faru a Nuwamban 2012, lokacin da shirin Newsnight na BBC ya watsa rahoton da ke danganta wani tsohon jigon jam'iyyar Conservative da cin zarafin yara a gidajen reno na arewacin Wales. Ba a ambaci sunansa ba, amma nan take aka yaɗa sunan Lord McAlpine a Twitter. Da mai ƙorafin ya ga hotonsa daga baya, sai ya ce ba shi ba ne. An zalunci mutumin da gaske, amma ba wanda aka nuna ne ya zalunce shi ba, kuma masu shirin ba su nuna masa hoto ba, ba su kuma tuntuɓi wanda ake zargi ba. BBC ta biya diyyar fam 185,000, babban daraktanta George Entwistle ya yi murabus, mai ƙorafin kuma ya shiga sabon baƙin ciki a bainar jama'a.

Wajibi ne in ji ta bakin wanda ake zargi, ko da hujjata ta yi ƙarfi?

Wajibi ne. A rubuta masa zarge-zargen dalla-dalla, da ranaku da wurare gwargwadon yadda hakan ba zai fallasa majiya ba, a ba shi lokacin da ya dace da nauyin zargin, sannan a sa amsarsa a fim ɗin kusa da zargin da take amsawa. Aika saƙo mai dunƙule da daddare kafin ranar fitarwa don a samu damar rubuta cewa "bai amsa ba" wayo ne da ba ya ɓuya ga kotu. Tare masa hanya da kyamara kuwa a bar shi ga wanda ya yi ta kauce wa amsa bayan an bi hanyoyin da suka dace. Idan akwai fargabar cewa sanar da shi zai sa ya tsoratar da shaidu ko ya lalata hujja, sai a kammala tsaron shaidun tukuna, a taƙaita wa'adin, amma ba a soke shi ba.

Idan wanda ake zargi ya rasu, dokar ɓata suna a ƙasashe irin su Amurka da Ingila ba ta kare matacce, wanda hakan ke sa nauyin adalci ya koma kacokan kan mai shiri. Da Leaving Neverland, fim ɗin da ke zargin mawaƙi Michael Jackson da lalata da yara, ya fito a 2019, shekara 10 bayan rasuwar mawaƙin, masu kula da dukiyarsa sun yi ƙorafin cewa ba a nemi jin ta bakinsu ba, suka kuma kai HBO, tashar da ta nuna fim ɗin, ƙara suna neman dala miliyan 100 bisa wata tsohuwar yarjejeniya ta 1992. Darakta yana da 'yancin gina fim a kan shaidar masu ƙorafi, amma ina ganin mai kallo yana da haƙƙin a sanar da shi abin da ɗaya ɓangaren ke cewa da kuma yadda shari'o'in baya suka ƙare.

Yaushe ya halatta a yi amfani da ɓoyayyiyar kyamara ko a ɓad da kama?

Idan sharuɗɗa uku sun haɗu: akwai hujjar farko da ke nuna ana aikata mugun abu, lamarin yana da girman da ya kai a yi yaudara dominsa, kuma babu wata hanyar samun shaidar. Ɗaukar mutane a ɓoye da fatan ko za a dace da wani abu ba ya cikin wannan. Binciken Sex for Grades da sashen BBC Africa Eye ya fitar a Oktoban 2019 ya tura 'yan jarida mata a matsayin ɗalibai zuwa Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana bayan tattara ƙorafe-ƙorafe, kuma irin wannan laifi ne da ake yi a bayan rufaffiyar ƙofa, inda maganar ɗaliba ita kaɗai ba kasafai take yin nasara a kan ta malami ba. A irin wannan aiki, ɗan jarida ya kiyaye kada ya zama shi ne ya kawo tayin laifin ko ya yi ta matsawa har mutum ya faɗa, domin a nan fim ya daina nuna halin mutumin, ya koma nuna tarkon da aka ɗana masa.

Gaskiyar labari ba ta hana a hukunta hanyar da aka samo shi. A 1992 ma'aikatan tashar ABC sun nemi aiki da takardun ƙarya a kantunan Food Lion a Amurka, suka ɗauki yadda ake sarrafa nama. Kamfanin bai kai ƙara kan ɓata suna ba, ya kai ne kan zamba da kutse, kuma a 1997 masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa ABC ta biya dala miliyan 5.5, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da kuɗin dala 2 a 1999. Yaudarar wanda ake so ya buɗe zuciyarsa kuwa wani abu ne dabam da yaudarar mai laifi. Rahoton Lord Dyson na 2021 ya tabbatar da cewa ɗan jaridar BBC Martin Bashir ya nuna wa ɗan'uwan Gimbiya Diana takardun banki na jabu don ya samu hirar da ya yi da ita a 1995, kuma shaharar hirar ba ta wanke wannan ba.

Zan iya biyan wanda na yi hira da shi?

Mayar wa mutum kuɗin mota, masauki da ranar aikin da ya rasa ba shi da aibu, haka nan biyan haƙƙin hotuna da bidiyon da ya mallaka. Biyan kuɗi don shaida shi ne mai haɗari, domin yana iya sa mutum ya ƙara gishiri, yana kuma ba lauyan wanda ake zargi makamin cewa sayen shaidar aka yi. Biyan mai laifi ya fi muni, tunda yana nufin ya ci riba daga ɓarnarsa. A Janairun 2019 fina-finai biyu sun fito kan zambar bikin kiɗa na Fyre na 2017: na Hulu ya biya Billy McFarland, wanda ya shirya zambar, kuɗin hira, na Netflix kuma an shirya shi tare da kamfanin da ya tallata bikin tun asali. Kowane ɓangare ya soki ɗayan, kuma kowannensu yana da abin da ya kamata ya faɗa wa mai kallo.

A ɗaya gefen, akwai masu ganin rashin adalci ne kamfani ya sayar da fim da kuɗi masu yawa alhali matalautan da rayuwarsu ce jarin fim ɗin ba su samu komai ba. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma wasu masu shiri suna magance shi ta hanyar ware wa waɗanda aka zalunta kaso daga riba bayan an kammala aiki, ba tare da an yi alƙawarinsa a matsayin sharaɗin magana ba.

Ina iyakar abin da edita zai iya yi wajen yanka da haɗa magana?

Kowane fim ana yanka shi, ba a iya nuna hirar awa 5 gaba ɗaya. Iyakar ita ce ma'ana: idan mai maganar zai kalli abin da aka haɗa ya ce ba haka ya nufa ba, kuma hoton asali ya goyi bayansa, an ƙetare iyaka. Ɗauko amsar wata tambaya a liƙa ta ga wata, haɗa rabin jimloli biyu su zama ɗaya a ƙarƙashin wani hoto, ko sa shirun da mutum ya yi yana jiran a gyara makirufo ya zama kamar ya rasa amsa, duk ƙarya ce ko da kowace kalma daga bakinsa ta fito.

A ƙarshen The Jinx na 2015 an ji Robert Durst, attajirin Amurka da ake zargi da kisa, yana magana shi kaɗai a banɗaki da makirufo a jikinsa, maganar da duniya ta ɗauka iƙirarin kisa ce. A 2019 takardun kotu suka nuna cewa an sauya jerin jimlolin, ta yadda wadda ta zo kamar amsa a fim ɗin ta riga tambayar fitowa a asali. An same shi da laifin kisa a 2021, amma hakan bai mayar da sauyin daidai ba, domin editan bai san hukuncin kotu ba a ranar da ya yi yankan. Haka kiɗa mai tayar da hankali, rage gudun hoto a kan fuskar mutum, da zaɓen hotonsa mafi muni suna yanke masa hukunci ba tare da an furta kalma ba. Abin da aka bari a waje ma yana cikin lissafi: idan akwai hujja mai ƙarfi da ta saɓa wa alƙiblar fim ɗin, ɓoye ta cin amanar mai kallo ne. A kuma duba tallan fim ɗin da hoton da aka sa masa, domin sau da yawa wani sashe ne dabam ke shirya su, kuma mutanen da za su ga talla sun fi waɗanda za su kalli fim ɗin yawa.

Ya halatta a kwaikwayi abin da ya faru, ko a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira?

Ya halatta idan mai kallo ya san abin da yake gani. The Thin Blue Line na Errol Morris, wanda ya fito a 1988, ya kwaikwayi kisan wani ɗan sanda a Texas ta fuskoki daban-daban gwargwadon yadda shaidu suka bayar, don a ga saɓaninsu, kuma ya taimaka aka saki Randall Dale Adams a 1989 bayan kimanin shekara 12 a kurkuku. Babu wanda zai ɗauki waɗannan fitowa a matsayin hoton asali. A labarin fyaɗe ko cin zarafin yara kuwa, kwaikwayon aikin kansa ba ya ƙara wa mai kallo sani, kuma yana tilasta wa wanda abin ya faru da shi ya sake ganinsa.

A Roadrunner na 2021 an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira an kwaikwayi muryar marigayi Anthony Bourdain, mai gabatar da shirye-shiryen abinci a talabijin, tana karanta kalaman da ya rubuta amma bai taɓa furtawa a gaban makirufo ba. Abin bai kai minti ɗaya ba, sai dai ba a sanar a fim ɗin ba, sai a wata hira da daraktan aka ji, daga nan mutane suka fara shakkar sauran muryar da suka ji. Idan aka kwatanta da ɗora fuska da aka ambata a amsar tambaya kan ɓoye mutum, fasahar kusan ɗaya ce, amma can an yi ta don kare rai kuma an faɗa.

In nuna wa waɗanda suka fito a fim ɗin kafin a sake shi?

Ga wanda aka zalunta, yana da kyau ya ga ɓangarensa tukuna, don ya gyara kuskure, ya nuna abin da zai iya fallasa shi, kuma kada ya fara ganin kansa tare da sauran duniya. Amma a rubuta a fili cewa gani ne da ba da shawara, hukuncin ƙarshe na darakta ne. Dalilin ya wuce kare 'yancin aiki. Joe Berlinger, wanda ya shirya Crude kan ƙarar gurɓata muhalli da aka kai kamfanin mai na Chevron a Ekwado, ya cire wani ɓangare bisa buƙatar lauyoyin masu ƙara, kuma wannan yana cikin abin da kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta dogara da shi a 2011 wajen cewa bai nuna cin gashin kansa na ɗan jarida ba.

Me zan yi idan shari'a tana gudana, ko 'yan sanda suka nemi hotunana?

A Ingila dokar raina kotu ta 1981 ta hana buga abin da zai iya yin mummunan tasiri ga shari'ar da ke gudana, alhali a Amurka an fi sakin mara. Ko ina ne, fim ɗin da ya fito ana tsakiyar shari'a yana iya gurɓata shaida ko ya ba mai laifi hujjar cewa ba za a yi masa adalci ba, wanda hakan cutarwa ce ga masu ƙorafin da ake son taimaka wa. Idan aka ci karo da hujjar da ke nuna wani yana cikin haɗari yanzu, musamman yaro, ba a ajiye ta don jiran ranar fitar da fim. An kama Durst a New Orleans kwana ɗaya kafin a nuna kashin ƙarshe na The Jinx, kuma an yi ta tambayar masu shirin yaushe suka samu hujjojinsu, yaushe kuma suka miƙa su.

Game da hotunan da ba a yi amfani da su ba, kada a yi wa majiya alƙawarin da doka za ta iya karyawa. A shari'ar Crude, Chevron ta nemi kimanin awa 600 na hotuna, kotu kuma ta tilasta a miƙa kaso mai yawa. A 2013 kuwa wani alƙali ya ƙi amincewa da buƙatar birnin New York ta karɓar hotunan fim ɗin The Central Park Five, saboda masu shirin sun nuna cewa aikinsu mai zaman kansa ne. Tun kafin a fara ɗauka a yanke shawarar abin da ba za a taɓa naɗa ba, kamar cikakken sunan majiya ko fuskarta, a kuma rufe ma'ajiyar da kalmar sirri mai ƙarfi.

Nauyin da ke kaina yana ƙarewa ranar da fim ya fito?

Makonnin farko bayan fitowa su ne mafi haɗari ga waɗanda suka yi magana: zagi a kafafen sada zumunta, barazana, kora daga aiki, da 'yan jaridar da ke neman gidajensu. A sanar da su ranar fitowa da wuri, a taimaka musu su tsare shafukansu, a ba su lambar wanda za su kira a kowane lokaci, a kuma sa kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa da na lauya, har da na sauya wurin zama idan ta kama, a cikin kasafin fim ɗin tun farko. A Birtaniya hukumar Ofcom mai sa ido kan tashoshin rediyo da talabijin ta ƙara ƙa'idoji a 2021 da suka wajabta wa tashoshi kula da lafiyar waɗanda ke shiga shirye-shiryensu, bayan mutuwar wasu da suka fito a shirye-shiryen talabijin.

Ma'aikata ma suna cikin wannan, musamman tafintoci, direbobi da masu bincike 'yan ƙasa waɗanda ba za su hau jirgi su tafi ba. Ahmed Hussein-Suale yana cikin tawagar Anas Aremeyaw Anas da ta fitar da Number 12 a 2018 kan cin hanci a ƙwallon ƙafar Ghana. Wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin, a Janairun 2019 kuma aka harbe shi har lahira a Accra. Ɗan majalisar ya musanta hannu a kisan. Kafin a rubuta sunayen ma'aikata a ƙarshen fim, a tambayi kowannensu ko yana so sunansa ya fito. Idan kuma daga baya kotu ta wanke wanda aka zarga, ko wata hujja ta rushe, a ƙara bayani a fim ɗin a duk inda ake nuna shi, a gyara ɓangaren, ko a janye shi idan gyara ba zai wadatar ba.